Amsoshin Tambayoyinku: Windows 7 a Cikin Windows 11, da Batun Agogon Gefen Allo

Tambaya: Ina da shagon buga takardu da ɗaukar hoton fasfo. Shekara da shekaru ina aiki da wata kwamfutar tebur mai Windows 7. A cikinta akwai manhajar da nake rubuta lissafin shago da bashin da nake bin mutane, ga kuma wata sikana da har yau ba ta taɓa ba ni kunya ba. To kwamfutar ta tsufa, wani lokacin sai an yi ta lallashi kafin ta tashi. Na sayi laftof 'yar hannu mai Windows 11, RAM ɗinta gigabait 8, amma manhajar ta ƙi hawa, sikanar ma ba ta ganinta. Wani mai gyara ya ce in kawo ya goge Windows 11 ya sa min Windows 7. Wani kuma ya ce ana iya ajiye su duka biyun, ɗaya a cikin ɗaya. Shin da gaske ne? Ba zai lalata min kwamfuta ba? Sannan a tsohuwar akwai agogo da kalanda da wata mita mai allura biyu a gefen allo, na saba da su ƙwarai. Ta yaya zan dawo da su?

Daga mai shagon buga takardu, Gusau.

Amsa: Malam, Allah ya sa wa kasuwa albarka. Manhajar lissafi da sikana za mu nema musu mazauni a sabuwar kwamfutar, in sha Allahu. Agogo da kalandar Windows 7 kuwa haƙuri zan ba ka a kansu, sai dai ba zan bar ka hannu rabbana ba.

Mai gyara na biyu shi ne ya faɗa maka gaskiya. Na farkon kada ka miƙa masa laftof ɗin. Kamfanin Microsoft ya daina tura wa Windows 7 gyaran tsaro tun ranar 14 ga Janairun 2020, Chrome ma ta tsaya masa a siga ta 109 a farkon 2023. Duk ɓarakar da aka gano a jikinsa daga wancan lokacin, tana nan a buɗe har gobe. Kai kuma sana'arka ta karɓar filash ɗin jama'a ce daga safe har dare, da shiga imel da shafukan rajista. Bayan haka, idan laftof ɗin ta 'yan shekarun nan ce, da wuya a samo direbobin da za su sa Windows 7 ya ga wayales da ramukan USB ɗinta. Sai a wayi gari ba tsuntsu ba tarko.

Kafin mu yi nisa akwai gwajin da ba zai ci maka minti biyar ba. Danna fayil ɗin girka manhajar da maɓallin dama na linzami, zaɓi Properties, shiga Compatibility, ka ce a tafiyar da shi a matsayin Windows 7. Wani lokacin wannan kaɗai ya wadatar. Idan ya ƙi, ga inda nake zaton gizo ke saƙa: Windows 11 mai bit 64 ne kawai, babu na 32. Yawancin manhajojin bit 32 suna tafiya a kansa lami lafiya, amma abu biyu ba sa tafiya sam, wato tsofaffin manhajoji masu bit 16, da direbobin da aka rubuta wa Windows mai bit 32. Ina kyautata zaton a nan sikanarka ta maƙale. Kamfanin da ya ƙera ta ya rubuta mata direba na zamaninta, ya yi gaba abinsa.

To yaya ake sa Windows a cikin Windows? Akwai manhajoji da aikinsu shi ne su yanki wani kaso na ƙarfin furosesa, da RAM, da ma'adanar kwamfutarka, su harhaɗa su su zama wata kwamfuta ta daban wadda babu ita a zahiri. Windows 7 da ka girka a cikinta ba ya sanin komai, gani yake a kan injinsa yake zaune. Idan ka kunna ta, taga ce za ta buɗe irin ta kowace manhaja, sai ga tambarin Windows 7 yana tasowa a ciki, kai kuma a gefe kana ci gaba da buga wa kwastoma takarda a Word na Windows 11. Kamar baƙon da aka sauka a ɗakin soro ne: yana cin abincin gidan, yana shan wutar gidan, amma ba ya leƙa cikin gida sai ta ƙofar da aka buɗe masa. Daga nan zan riƙa kiran Windows 11 ɗinka mai masauki, Windows 7 kuma baƙo.

Game da tsoron lalacewa, kwantar da hankalinka. Duk ma'adanar baƙon fayil ɗaya ce a cikin wata folda ta laftof ɗinka. Ranar da ka gaji da shi ka goge foldar, baƙo ya tafi, Windows 11 ko gezau.

Dabarar ba sabuwa ba ce. IBM ya fara ta tun shekarun 1960 a kan manyan kwamfutocinsa, ya fitar da VM/370 a 1972. VMware ya kawo ta kan kwamfutar tebur a 1999, sannan Intel a 2005 da AMD a 2006 suka gina tallafinta a cikin furosesa. Shi kansa Windows 7 da ya fito a 2009, Microsoft ya yi masa wani tsari mai suna XP Mode, wato Windows XP a cikin Windows 7, saboda masu matsala irin taka ta yau.

Manhajoji uku ne a gabanka. Akwai Hyper-V na Microsoft, amma ba ya zuwa a Windows na Home, kuma miƙa masa na'urar USB kamar sikana aiki ne mai wahala, don haka na cire shi. Akwai VMware Workstation Pro, wadda da ta kuɗi ce, aka mayar da ita kyauta a 2024 bayan Broadcom ya sayi kamfanin. Tana da ƙarfi, sai dai kafin ka sauke ta sai ka buɗe asusu ka bi 'yan kwana-kwana. Sai VirtualBox, wadda wani kamfanin Jamus, Innotek, ya fara, Sun ya saye shi a 2008, Oracle kuma ya haɗiye Sun a 2010. Kyauta ce, ba ta da nauyin saukewa, kuma ita na fi so maka. Ka ɗauko ta daga shafinta na asali, ba daga filash ɗin wani ba.

Kafin ka girka ta, danna Ctrl da Shift da Esc a tare, Task Manager zai buɗe. Shiga Performance, danna CPU, ka duba ƙasa inda aka rubuta Virtualization. Idan ka ga Enabled, madalla. Idan Disabled ne, sai ka kashe kwamfutar ka shiga BIOS: a HP yawanci F10 ake dannawa yayin da take tashi, a Dell F2, a Lenovo F1 ko F2. Ka nemi Intel Virtualization Technology, ko SVM Mode idan furosesar AMD ce, ka kunna, ka adana, ka fita. Kada ka taɓa komai a wurin bayan wannan. Mutane da yawa a nan suke karaya, su ce kwamfutarsu ba ta iyawa, alhali makunni ɗaya ne ke kashe.

Yanzu batun RAM, wanda shi ne ke raba mai jin daɗin wannan tsari da mai tsine masa. RAM ɗin da ka ba baƙo, daga bakin mai masauki ka cire shi, kuma ba ya dawowa sai ka kashe baƙon. Windows 11 shi kaɗai mafi ƙarancin abin da yake nema gigabait 4 ne, kafin ka buɗe Chrome da Word da CorelDRAW. Windows 7 mai bit 32 kuwa gigabait 1 aka ƙayyade masa, da 2 sai ya sake ya wala. Saboda haka ka ba shi 2, a bar wa mai masauki 6. VirtualBox ma tana nuna maka wani layi mai kore da ja a wurin da ake zaɓen adadin, ka tsaya a cikin koren. Akwai masu ganin in sun tura wa baƙo 6 zai fi gudu. Abin da ke faruwa shi ne mai masauki ya shaƙe, in ya shaƙe kuma dukkansu biyu sun tsaya, tunda a kansa baƙon yake tafiya. Da gigabait 4 ka ce min laftof ɗin take da shi, da na ce ka ƙara RAM tukuna mu yi magana. Ka kuma duba irin ma'adanar da ke cikinta. Idan SSD ce, ka huta. Idan tsohuwar nan ce mai faifai mai juyawa, manyan manhajoji biyu za su riƙa rububin allurar karatu ɗaya, ka yi ta jira. Sauya ta da SSD ya fi duk wani saiti da zan koya maka tasiri.

Girkawar kanta ba wuya. Danna New, ba shi suna, nuna masa faifan Windows 7 ko fayil ɗinsa na ISO, zaɓi mai bit 32 saboda direban sikanar, ba shi ma'adana gigabait 40. Kada adadin ya tsorata ka, fayil ɗin ƙarami yake farawa, yana girma ne gwargwadon abin da aka zuba masa. Abin da ba zan ɓoye maka ba shi ne lasisi. Windows na ciki yana buƙatar nasa kamar na kowace kwamfuta, kuma lambar da ke manne a jikin tsohuwar, idan da ita ta zo daga kamfani, a ƙa'ida ta wannan injin ce kaɗai. Faifan da aka fasa aka kawo kasuwa kuwa, ba ka san abin da aka cusa a ciki ba. Da zarar Windows 7 ya tashi, je Devices a saman tagar ka girka Guest Additions. Shi ne zai sa allon ya cika tagar, linzami ya riƙa shiga da fita babu tangarɗa. Kafin nan, idan linzaminka ya maƙale a ciki, danna Ctrl na hannun dama zai sake shi.

Ga wurin da nake so ka fi mayar da hankali. VirtualBox tana haɗa baƙo da intanet kai tsaye ba tare da ta tambaye ka ba. Kashe baƙon, shiga Settings, je Network, ka cire alamar da ke kan Enable Network Adapter. Idan akwai abin da ke neman intanet sau ɗaya wajen tabbatar da lasisi, ka buɗe, ka gama, ka rufe. Manhajar lissafi da sikana ba su da wata hulɗa da intanet. A watan Mayun 2017 cutar nan ta WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama, har da na asibitocin Ingila, kuma mafi yawan waɗanda ta kama masu Windows 7 ne. Ta hanyar sadarwa take tsallakawa daga wannan kwamfuta zuwa waccan, ba sai mutum ya danna komai ba. A lokacin ma akwai maganinta tun watan Maris, mutane ne ba su sa ba. Yanzu maganin ma an daina yi.

To in babu intanet, yaya hoton da ka sikana zai fito? Ta Shared Folders, wanda ba ya buƙatar hanyar sadarwa. Buɗe folda ɗaya a Windows 11, ka raba ta da baƙon, duk abin da ya ajiye a ciki za ka gan shi a waje nan take. Folda ɗaya na ce, ba dukkan C ba, domin duk abin da baƙo ya iya gani, cutar da ta kama shi ma ta iya taɓawa. Ita kuma sikana, ka sa ta a rami, ka je Devices, USB, ka danna sunanta. Za ta ɓace daga Windows 11 ta bayyana a Windows 7, sai ka girka mata tsohon direbanta. A saitin USB ka zaɓi 2.0, domin Windows 7 bai zo da direban 3.0 ba. Filash ɗin kwastoma kuwa kada ka taɓa miƙa wa baƙo.

Akwai wani abu mai daɗi da ake kira Snapshot. Yana riƙe yanayin baƙon yadda yake a wannan lokacin, ta yadda in wani abu ya lalace sai ka koma baya da dannawa ɗaya. Ka ɗauki ɗaya da zarar ka gama girka komai. Amma ka lura da tarkon da ke ciki, musamman kai mai lissafi. A ce ka ɗauka a farkon wata, ka yi ta shigar da ciniki da bashi, ranar 25 ga wata abu ya rikice ka koma wa Snapshot ɗin. Duk abin da ka rubuta a kwanakin nan ya tafi, har da sunan wanda ya ci bashi a ranar 12. Maganin wannan shi ne kullum in za ka tashi, ka kwafe fayil ɗin lissafin zuwa foldar da kuka raba, domin komawa baya ba ya shafar ta. Kuma Snapshot a cikin laftof ɗin yake zaune, in aka sace ta ko ma'adanarta ta mutu, tare za su tafi. Lokaci-lokaci ka je File, Export Appliance, ka fitar da baƙon ɗungurungum a fayil ɗaya, ka ajiye a wata ma'adana ta waje.

Wajen rufewa, idan ka danna alamar rufe taga zaɓi uku za su fito. Na farko yana daskarar da baƙon a inda yake, gobe ka ci gaba daga nan. Na biyu yana kashe shi ta hanyar da ta dace. Na ukun, Power off the machine, daidai yake da zare wa kwamfutar tebur waya tana cikin aiki, ka guje shi. Ka kuma sani batir zai riƙa saurin ƙarewa idan baƙo na kunne, don haka in an ɗauke wuta, shi za ka fara rufewa. Wata rana kuma za ka iya ganin hoton wani ɗan koren kunkuru a ƙasan tagar. Ma'anarsa Windows 11 yana amfani da fasahar Virtualization ɗin nan wajen tsaron kansa, VirtualBox ta koma bin bayansa, gudunta ya ragu. Za ka ji masu cewa ka kashe Memory integrity kunkurun ya tafi. Gaskiya ne yakan taimaka, amma ni ba zan rage tsaron mai masauki don manhajar lissafi ta ƙara sauri ba. In jinkirin mai jurewa ne, ka bar kunkuru ya yi zamansa.

Idan kuma faifan girka manhajar lissafin ya ɓata, akwai Disk2vhd, wata 'yar manhajar Microsoft ta kyauta, da ke mayar da ma'adanar tsohuwar kwamfuta fayil ɗaya wanda VirtualBox ke iya buɗewa. Ba kullum yake tashi a karon farko ba, wannan kam aikin ƙwararre ne.

Sai agogo da kalanda. Microsoft Gadgets ya kira su. Yayinsu ya faro ne da wata manhaja mai suna Konfabulator a 2003, wadda Yahoo ya saya a 2005. A shekarar ce Apple ya fito da Dashboard, Microsoft ya biyo baya da Sidebar a Windows Vista a 2007, a Windows 7 kuma aka sake su, su zauna duk inda mutum ya ja su. A watan Yulin 2012 Microsoft da kansa ya fitar da sanarwar tsaro yana shawartar mutane su kashe su, Windows 8 kuma ya fito babu su. Dalili shi ne kowannensu ɗan shafin yanar gizo ne da aka rubuta da HTML da JavaScript, amma ba a cikin burawza yake ba balle ta taka masa birki. Duk ikon da mai kwamfutar yake da shi, na karanta fayil ko goge shi ko kunna wata manhaja, shi ma yana da shi. Mutum ya ga agogo mai kyau a wani shafi ya sauke, bai san abin da ke bayan agogon ba. Windows 7 da muka killace ya fi agogon girma nesa ba kusa ba, amma shi a tsare yake. Agogon kuwa a tsakiyar Windows 11 ɗinka zai zauna da cikakken iko.

Akwai manhajar da ke dawo da su, 8GadgetPack, kuma mutane suna amfani da ita. A kwamfutar da ke ɗauke da hotunan fasfo da takardun jama'a, ban ba ka shawara ba. Idan kewa ce ta dame ka, ai suna nan a cikin baƙon: danna dama a fuskar Windows 7, zaɓi Gadgets, ga agogonka ga kalandarka. Sai dai mitar aikin baƙon kaɗai za ta riƙa nuna maka.

Windows 11 yana da nasa, Widgets, da ke fitowa idan ka danna maɓallin Windows da W. Ba sa zama a fuskar kwamfuta, allo ne da ke zamowa daga gefe, cike da yanayin gari da labaran MSN masu cin data. Ni kashe shi nake yi, ta Settings, Personalization, Taskbar. Abin da kake buƙata yana nan ba tare da shi ba. Kalanda tana fitowa in ka danna kwanan wata a kusurwar dama ta ƙasa. A Control Panel, ƙarƙashin Date and Time, akwai Additional Clocks inda za ka ƙara agogo har biyu, misali na Makka da ke gaban namu da awa biyu, ya riƙa bayyana duk lokacin da ka ɗora linzami a kan agogon. Mita kuwa, buɗe Task Manager a Performance, danna zanen CPU sau biyu, zai tsuke ya zama 'yar ƙaramar taga. Idan ka riga ka kunna Always on top a saitinsa, sai ka ja ta kusurwa ta zauna a saman komai. Ta ma fi tsohuwar amfani, domin in ka sa ta a kan Memory za ka ga da idonka yadda RAM ke cika duk lokacin da baƙo ya tashi.

In kuwa dole sai ka ga agogo a fuskar kwamfuta, ka nemi Rainmeter daga shafinta. Kyauta ce, lambobinta a buɗe suke, kuma tana zuwa da agogo da mitar furosesa da RAM tun daga girkawa. Ka tsaya a kan waɗanda ta zo da su. Kwalliyar da mutane ke ƙera mata a wasu shafuka tana iya zuwa da ƙarin manhaja a ciki, ka ga an koma gidan jiya.

Tsohuwar kwamfutar kada ka sayar, kada ka goge ta, sai ka yi wata guda cur kana aiki da sabon tsarin, lissafi ya dace a duka biyun. Ka kuma fara kwashe sunayen masu bashi zuwa Excel ko LibreOffice Calc sannu a hankali, tunda babu tabbacin VirtualBox za ta ci gaba da kula da Windows 7 har abada. Idan wani saƙon kuskure ya tare ka a hanya, ka kwafe shi harafi da harafi, ka haɗa da samfurin laftof ɗin da na sikanar, ka aiko mu duba.